Ranar da Baba Ya Tuƙa Ni da Mai Tabarau

Ku gyara zama, 'yan uwa, don abin da ya same ni ranar Talatar nan, ko yanzu na tuna sai in ja mayafi in rufe fuska ina dariya. Amma a lokacin babu dariya ko ɗaya a tare da ni, fatana kawai ƙasa ta buɗe in shige.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, kuma da Auta kowa ke kirana, har a wurin aiki. Ina aiki da wata hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da lafiyar mata da ƙananan yara. Aikina zagaya ƙananan asibitoci, in duba firjin allurar rigakafi, in ga ko ma'aunin jarirai yana aiki, in saurari koken ungozomomi. Babana kuwa direba ne a wata hukumar daban, mai harkar abinci da noma. Tun ina goye yake can, kuma da wannan sitiyarin ya yi mana karatu mu duka.

Bana sai aka ce kuɗin da ake bai wa hukumomin ya ragu. Manya suka zauna suka ce tunda duk hanya ɗaya ake bi, a haɗa motocin wuri guda. Kuma maganar gaskiya, da can abin da ban kunya. Sai ka ga fararen motoci uku sun jero zuwa ƙauye ɗaya, kowace da mutum ɗaya tal a baya yana danna waya. Yanzu an tara su a wani babban fili da ake kira tashar haɗaka. In kina da tafiya sai ki shiga manhaja a waya ki nemi kujera, ita za ta haɗa ki da masu bin hanyarki ko daga wace hukuma suke, ta ba ki mota da direba.

Wanda aka ɗora a kan tsarin wani saurayi ne siriri mai farin gilashi. A ofis Sarkin Tasha muke ce masa don tsokana. A gidanmu kuwa sunansa "yaron nan Mai Tabarau", kuma Baba ne ya raɗa masa.

Da safiyar ranar ina ɗaki ina goge doguwar rigata mai ruwan zuma, na ji Baba a falo yana kurɓar shayi yana karanta wa Umma da Gwaggo laifukan jiya. Gwaggo yayar Baba ce, ta zo mana kwana biyu, yau mako na uku ke nan.

"Shekaranjiya aka ba ni mota mai kukan birki," in ji Baba. "Jiya kuma wadda wani dogo ya ja kujerarta baya, sai da na yi ta laluben totur da ɗan yatsan ƙafa. Mutum ya shekara da shekaru da motarsa, ya san tarinta ya san atishawarta, rana ɗaya a raba su. Duk aikin yaron nan ne Mai Tabarau."

"Allah ya shirye shi," in ji Gwaggo, wadda ko a hoto ba ta taɓa ganinsa ba.

A daidai lokacin wayata ta yi ƙara a kan gado. Sunan da ya fito shi ne Mai Gyaran Firji. To, bari in faɗa muku a kunne: Mai Gyaran Firji da Sarkin Tasha da yaron nan Mai Tabarau, duk mutum ɗaya ne.

Farkon haɗuwarmu faɗa na je yi masa. Manhajarsu ta soke mini mota ranar da ake jirana da allurai, na shiga ofishinsa ina ruwan masifa, ya tsaya yana saurare har na gama, sannan ya ɗauki makullin ƙaramar motarsa ya ce, "Mu je in kai ki, sauran faɗan kya ƙarasa a hanya." Daga nan sai gaisuwa, daga gaisuwa sai "kin ci abinci?", har aka zo inda ake yanzu. Ya sha ce mini yana so ya zo ya gaida Babana. Ni kuma kullum sai in ce ya ɗan dakata. Ta yaya zan kawo mutumin da ake karya kumallo da sunansa a gidanmu?

Saƙon ya ce: "Barka da asuba, uwar masifa. Yau zan bi mota in ga yadda tsarin yake da idona. Na ga kina da tafiya hanyar gada. Ko za a ba baƙo kujera?"

Na rubuta: "Tashar taka ce, motar taka ce. Ni wace ce?"

"Ke ce dalilin zaɓen hanyar."

Na kife wayar ina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir.

Ko da na fito, Baba ya riga ya hau babur ɗinsa ya tafi. Na yi niyyar sulalewa, amma Gwaggo ta tare ƙofa da ƙafa.

"Zo nan, 'yar nan. Irin wannan kwalliya duk ta jarirai ce?"

"Gwaggo, aiki fa zan je."

"Aiki, aiki. Sa'o'inki duk suna ɗakunansu. Ɗan ƙawata mai shagon kayan gini har yanzu yana tambayarki. Yaro mai hankali, ga tumbi ya fara fitowa, alamar kwanciyar hankali."

Umma tana zuba mini shayi a kofi ta ce, "Ni ba na ce lallai sai shi ba. Amma ki kawo mana wani mu gani, Auta. Ko so kike in yi ta amsa tambayar mutane a gidan biki ni kaɗai?"

"Umma, ki ƙara haƙuri kaɗan."

"Akwai wani ke nan?" Ta kafe ni da ido.

Na cusa burodi a baki don kada a ce na yi ƙarya, na ɗauki jakata na fice.

Ina isa ofis na karɓi akwatin sanyi na allurai na tsaya a bakin ƙofa. Waya ta yi ƙara, saƙon manhaja ne: ga lambar motarki, ga hoton direbanki. Na duba. Na goge fuskar wayar da gefen mayafi na sake dubawa. Hula ruwan toka, furfura a gemu, ga ɗan tabon nan a gefen gira wanda ya samu ranar da yake gyara mana tankin ruwa.

Baba.

Jama'a, motoci nawa ne a tashar nan? Direbobi nawa? A ce duk cikinsu manhajar nan ba ta ga wanda za ta ba ni ba sai mahaifina, kuma a ranar da Mai Tabarau zai bi mu?

Kafin in yi tunanin ciwon da zan ƙirƙira, motar ta tsaya a gabana. Baba a sitiyari, Mai Tabarau a gefensa da farar riga mai dogon hannu sai ƙamshi yake, a baya kuma wata mata daga hukumar ilimi wadda kowa ke kira Anti Rediyo, don in ta buɗe baki sai an isa.

Dole in gaya muku dokar Baba. Tun ranar da na sami aiki ya ce mini, "A wurin aiki ban san ki ba, ba ki san ni ba. Ba na so a ce da hanyar uba kika shiga." Da yake hukumominmu daban ne, kuma sunan Baba irin wanda za ka sami goma a kowane layi ne, ba wanda ya taɓa haɗa mu.

Ya fito ya buɗe bayan motar, ya karɓi akwatin daga hannuna, fuskar nan tamau.

"Barka da safiya, Malama."

"Barka da safiya… Baba." Allah ya taimake ni, kowa ma Baba yake ce masa.

Muka ɗauki hanya. Anti Rediyo ta fara da tsadar hayar gida, ta gangara kan ciwon gwiwarta, ta hau kan surukarta. Ni dai ina "haka ne, Anti", idona a ƙasa. Can na ga Mai Tabarau ya sunkuyar da kai yana danna waya. Wayata ta yi ƙara a cinyata.

"Wannan kalar ta karɓe ki."

Na ɗago. Idon Baba yana kan hanya. Na yi ajiyar zuciya. Mai Tabarau ya sake sunkuyawa. Wayata ta sake yin ƙara.

"Ko gaisuwa babu? Laifin me na yi?"

A wannan karon da na ɗago, idona ya faɗa cikin na Baba a madubi. Bai daɗe ba, ya mayar kan hanya. Na yi sauri na rufe ƙarar wayar na ɗora ta a kan kujera kusa da ƙarfen bel ɗin kujerar. Mutumin nan ya sake turowa, wayar ta hau kakkarwa tana bugun ƙarfe, har Anti Rediyo ta dakata da labarin surukarta.

"Ke, amsa mana. Wannan mai nacin ko dai suruki ne?"

"Mai gyaran firji ne, Anti."

Na ga kafaɗun Mai Tabarau suna motsi, dariya yake dannewa. Da ina da abin jifa da na jefe shi. Na rubuta masa da sauri: "Don Allah ka daina. Zan yi maka bayani." Ya juyo kaɗan ya dube ni da mamaki, ya sa wayar a aljihu.

Muka sauke Anti Rediyo a wata makarantar firamare, a kan za mu ɗauke ta in mun dawo. Motar ta yi tsit. Sai Mai Tabarau ya gyara zama ya dubi Baba.

"Baba, don Allah ina so ka gaya mini gaskiya. Yaya kuke ganin tsarin nan, ku direbobi?"

Na runtse ido. Na san abin da ke cikin tulun nan, kullum da safe ake zuba mana.

"Gaskiya kake so ko ta ofis?" in ji Baba.

"Gaskiya."

Baba kuwa ya zuba masa. Kujerar da ake ja, birkin da ba wanda ya san tarihinsa, motar da kowa ke hawa babu mai lallashinta. Mai Tabarau bai katse shi ba. Da ya gama sai ya ce, "Maganar kowane direba ya riƙe mota ɗaya, ina ganin za a iya gyarawa, zan kai ta gaba. Amma Baba, ka duba yau. Da can motoci uku ne za su bi hanyar nan. Man da aka rage, shi ya sa ba a rufe asibitin da za mu je ba. Yana cikin waɗanda aka so a janye wa tallafi."

Baba ya ci gaba da tuƙi har muka wuce wata kasuwa. Sannan ya ce, "Wannan kam ban musa ba. Na sha jin kunya in muka jero kamar masu rakiyar gwamna. To amma motoci uku sun koma ɗaya. Direbobi biyun fa?"

Mai Tabarau ya cire gilashinsa ya goge.

"Za a rage, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Akwai kwamitin da zai zauna ranar Juma'a. Wasu na cewa a fara da manyan direbobi tunda sun kusa hutawa. Ni ina cikin kwamitin, kuma ban yarda da haka ba. Ban san ko zan yi nasara ba, amma ina kai."

Ban taɓa jin wannan maganar daga bakinsa ba. Na dubi ƙeyar Baba, na ga furfurar da ta leƙo ta ƙasan hula.

Ba mu yi nisa da gada ba sai muka ji fuuu, motar ta karkata. Baba ya gangara gefe a hankali ya kashe ta. Tayar baya ta kwanta. Kafin Baba ya gama fito da jak, Mai Tabarau ya naɗe hannun farar rigarsa, ya samo dutse ya tare tayar gaba, ya karɓi sifana.

"A'a, ranka ya daɗe, bar shi, za ka ɓata kayanka."

"Baba, ka huta. Ina tsaye ka durƙusa? Ba zai yiwu ba."

Na tsaya a inuwar wata bishiya ina jiran abin kunya. Sai ga mutum yana sassauta notoci tun taya na ƙasa, ɗaya nan ɗaya can, kamar wanda aka haifa a gareji. Baba ya harɗe hannu yana kallo, girarsa ta ɗaga.

"Kai, a ina ka koyi wannan?"

"Mahaifina direban bas ne, Allah ya ji ƙansa. Duk hutun makaranta a ƙarƙashin mota nake yin sa."

"Allah ya ji ƙansa," in ji Baba, muryarsa ta sauya. "Wace hanya yake bi?"

Shi ke nan. Daga nan har asibiti ba wanda ya tuna da ni. Suna ta hirar tsofaffin bas, da yadda ake ɗaure bel ɗin fanka da igiya in ya tsinke a daji, suna ƙyaƙyata dariya. Farar riga ta koma mai zanen baƙin mai, shi ko a jikinsa. Ni kuwa ina baya ina ta murna a ɓoye, ina kuma jin tsoro, don ban san inda abin zai tsaya ba.

A asibitin na yi aikina. Firji lafiya lau, ungozoma ta riƙe ni da labarin 'yan biyun da aka haifa da asuba, na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ɗayan ya yi mini fitsari a riga, aka ce alheri ne. Da muka juyo, Baba ya tsaya a wurin wani mai faci don a gyara tayar. Kusa da shi akwai mai shayi da benci biyu a ƙarƙashin rumfa. Suka zauna a ɗaya, na zauna a ɗayan da robar ruwa a hannu.

Mai Tabarau ya juya cokali a kofinsa, ya saci kallona, ya yi wani murmushi da na san na tsokana ne.

"Baba, tunda Allah ya haɗa mu, kuma ba ni da uba a raye, ina neman shawara."

"Ina jin ka."

"Akwai wata yarinya."

Ruwan da na kurɓa ya bi ta hanci. Na hau tari. Ba wanda ya kula ni.

"Yarinyar kirki ce," ya ci gaba, "sai dai akwai faɗa. Da gaske nake son ta, aure nake nufi. Amma duk sanda na ce zan je in gaida mahaifinta, sai ta ce in dakata. Na rasa gane kanta."

Shi a tunaninsa wasa yake da ni a gaban baƙo. Na zaro masa ido, na girgiza kai, na yi masa alama da hannu kamar mai tsayar da mota. Ya ɗauka kunya ce, ya ƙara faɗaɗa murmushin.

Baba ya hura shayinsa a natse. "Faɗan nata, a gida ta gado ko a waje ta koya?"

"Ina zargin gado ne, Baba."

Inna lillahi! Na dafe kai.

"Wajen uwa ko wajen uba?"

"Ban sani ba tukuna. Amma yadda take ɓoye ni, ina jin uban ne mai zafi."

"Haka ne," in ji Baba yana gyaɗa kai. "Akwai irinsu. To, ka san aikin uban?"

"Ta dai ce yana yawan tafiye-tafiye."

"Ba ta yi ƙarya ba." Ya kurɓi shayi. "Shawarata, ka daina laɓewa a bayan waya. Mutum yana zaune gaba, yarinya tana baya, yana ta aika saƙo kamar babu ido a madubi, wannan ba tsari ba ne. Ka wanke ƙafa ka je gidan da kanka. Ranar Asabar da yamma uban yana gida."

Murmushin Mai Tabarau ya fara raguwa. "Baba… ai ban faɗi ko wace ce ba."

"Ba sai ka faɗa ba. Na san gidan. Ƙofa ce mai ruwan toka, da hannuna na shafa mata fenti." Ya ajiye kofin, ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya dube ni. "Auta, tashi mu tafi. Kin san Ummanki da tsoron hanya."

'Yan uwa, na taɓa ganin mutum ya daskare, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Kofin ya karkace a hannunsa, shayi yana zuba a kan takalminsa, bai ma sani ba. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya sake dubana. Sai kawai ya zame daga kan bencin ya durƙusa a gaban mai shayi da mai faci da kowa.

"Baba, ina wuni. Baba, don Allah… maganar zafin nan da na yi…"

"Tashi, tashi, kada ka tara mana jama'a. Ai ba ka yi ƙarya ba, gado ne."

A hanyar dawowa Mai Tabarau ya zauna a miƙe kamar ɗalibi a gaban hedimasta, hannu biyu a kan gwiwa. In Baba ya yi tari sai ya ce, "Sannu, Baba." In aka faɗa rami sai ya ce, "Sannu, Baba." Da muka ɗauki Anti Rediyo ta yi ta zuba ita kaɗai, can ta gaji ta ce, "Wai mutuwa aka yi ne a motar nan?" Baba ya ce, "A'a, Hajiya, taya ce ta fashe." Na cusa fuska a mayafi, kafaɗuna suna rawa, ban san ko dariya nake ko kuka ba.

Na riga Baba isa gida, don sai da ya mayar da motar tasha. Na yi wanka na sa rigar shan iska, na zauna a bakin gado ina jiran hukunci. Sai ga kiran Mai Gyaran Firji. Na rufe ƙofa na ɗauka.

"Auta, kin kashe ni," in ji shi. "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na zaro maka ido har ya kusa faɗowa!"

"Na ɗauka salon soyayya ne."

Muka yi dariya har na riƙe ciki. Sai na ji muryarsa ta sauya, babu wasa a cikinta.

"Akwai matsala ɗaya," ya ce. "Yanzu da na san mahaifinki ne, ba zan iya zama a kwamitin nan in yi kamar ban sani ba. Dole gobe in gaya wa shugabanmu, kuma na san za a ce in fita daga zaman. In na ɓoye, daga baya aka ji, za a ce don surukina na yi, a rushe duk abin da aka yanke, har sunan Baba ya ɓaci. In kuma na fita, ban san wanda zai tsaya wa manyan direbobin ba. Sai dai mu dakata da maganarmu, in ce babu komai tsakaninmu. Kuma wannan ƙarya ce, ba na son yin ta."

Na ce masa zan kira shi.

Na jiyo ƙarar babur a tsakar gida. Na leƙa ta taga, na ga Baba ya zauna a kan kujerarsa ta roba yana cire takalmi, rana ta yi ja a bayan tankin ruwa. Na fita a hankali na durƙusa a gefensa.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yauwa, Malama." Ya dube ni ta gefen ido, bakinsa yana motsi.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Da me? Yaron yana da ladabi, kuma ya iya ɗaure taya. Tsarin nasa ne dai har yanzu ban gama yafe masa ba."

Na tattaro ƙarfin hali na gaya masa duk abin da Mai Tabarau ya faɗa, ban rage komai ba. Baba ya saurara yana murza yatsun ƙafarsa.

"Shi ya ce zai je ya faɗa da bakinsa?"

"E, Baba."

"To ki ce masa ya je ya faɗa. Kuma ya rubuta musu hujjarsa a kan manyan direbobi ya bar musu kafin ya fita, mai ji zai ji. Ni ba zan riƙe sitiyari da ƙaryar wani ba, kuma ba zan sa 'yata ta jira saboda kujerata ba. In aikin ya tafi, hannuna bai manta tuƙi ba. Asabar ɗin tana nan yadda na faɗa."

Hawaye suka cika mini ido. Na buɗe baki zan yi godiya, sai na ji ƙarar faranti a bayanmu. Muka juya tare. Umma ce tsaye da tiren abinci, Gwaggo a bayanta ta leƙo da kai ta saman kafaɗarta. Yadda Umma ta ƙanƙance ido na gane nan take cewa Baba bai taɓa gaya mata ana shirin rage direbobi ba.

Ta ajiye tiren a ƙasa a hankali, ta ja kujera ta zauna, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Ku dakata," ta ce. "Wane aiki ne zai tafi? Kuma wane ne zai zo mini gida ranar Asabar ban sani ba? Ɗaya bayan ɗaya, ba na son gaggawa."

Na dubi Baba. Baba, mutumin da ɗazu ya sa Sarkin Tasha durƙuso a gaban mai shayi, ya sunkuya yana neman silifas ɗinsa a ƙarƙashin kujera.

"Auta," ya ce ba tare da ya ɗago ba, "ke ce kika yi karatu. Fara."